Goggo Mai Keke da Tsohon Gado na Huɗu

Da asubar ranar jarrabawa, tun kafin masu shara su iso, Goggo na durƙushe a ɗakin ajiya tana ɗaure matakin ƙafar wani keken marasa lafiya da tsohon bandeji. Kekuna bakwai ke sashen, uku ne ke tafiya. Tun bara ta yi maganar wannan mataki, aka ce za a duba. Ta sake yi, aka ce takarda ta tafi sama. Daga nan ba ta ƙara ɓata yawunta ba, ta nemo bandeji. Ta ja ƙullin da haƙori, ta hau keken da kanta ta jijjiga shi, ta ga ya riƙe, sannan ta miƙe tana dafe da ƙugu.

Sashen na masu ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa ne: masu shanyewar ɓarin jiki, masu farfaɗiya, masu karkarwa, da waɗanda ƙafa ta daina jin maganarsu. Aikin Goggo ta ɗaga su, ta zaunar, ta tura, ta kwantar. Shi ke nan abin da aka rubuta mata.

Ba takarda ce ta kawo ta asibitin ba, mijinta ne ya kawo ta, yana kwance. Makanike ne. Yana da shekara arba'in da ɗaya hawan jini ya kayar da shi a bakin gareji, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Wata biyu ta yi a kan tabarma a gindin gadonsa, sannan shekara huɗu a gida tana juya shi, tana wanke shi, tana ba shi abinci a baki, har Allah ya karɓi abinsa ya bar ta da 'ya'ya uku. Babbar nas ta wancan zamanin ba ta manta da matar da ke ɗaga ƙaton namiji ita kaɗai ba tare da ta fizgi shanyayyen hannunsa ba. Ta aika aka kira ta. Aka fara ba ta tsintsiya da bokiti, daga baya aka ba ta keke. Shekara ashirin da huɗu ke nan. Da wannan keken ta aurar da mata biyu, ta kai namijin har ya zama mutum. Abin da ta samu na kanta shi ne gwiwa mai ƙara da bayan da ba ya barinta ta yi ruku'u yadda take so.

Karatunta bai wuce lambar gado ba. Amma duk wanda ya jingina da jikin Goggo, ta san abin da ke damunsa ta wani fannin da babu shi a littafi. Ta san nauyin mai shanyewa, da ke zubowa gefe guda kamar buhun da ba a cika ba. Ta san nauyin mai karkarwa, da ke tasowa gaba ɗaya a sandare kamar an ɗaga ƙyaure. Takan ce baki na ƙarya, fuska na ƙarya, amma mutum in ya sakar maka nauyinsa ya gama faɗa maka gaskiya.

Ɗaliban likitanci ba ta ƙi su ba. Ta ga ɗaruruwansu sun shigo da farar riga mai ƙanshin sabuntaka, ta ga sun fita da furfura. Abin da ke ƙona mata rai ranar jarrabawa ce.

Ga yadda ake yi. Sau biyu a shekara akan kwashe babban ɗakin jinya, a jera gadaje takwas, a ja labule tsakaninsu. A buga wa tsofaffin majinyata waya su zo daga gida, waɗanda ciwonsu ya fito ɓaro-ɓaro yadda ɗalibi zai gani. Kowane ɗalibi minti takwas gare shi a kowane gado. Ƙararrawa ta kaɗa, ya matsa gaba. Malami na zaune da takarda yana sa maki. Kuma akwai doka: majinyaci ba zai faɗi sunan ciwonsa ba, ba zai ce uffan ba sai abin da aka tambaye shi, dangi su tsaya a waje, katinsa a kulle a ofis. Wai don kada a ba ɗalibi amsa.

Amsar kuwa tana hannunsu tun kafin su karya kumallo. 'Yan aji na gaba sun bar wa na baya, na baya sun bar wa na bayansu: gado na huɗu, tsoho mai farar hula, cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira Fakinsin. Ka juya masa wuyan hannu ka ce ya yi tauri, ka ce yatsu na rawa, ka ce fuska ba walwala, ka ce taku ƙanana, ka kwashe makinka ka wuce.

Tsohon mai farar hula shi ne Baba Kafinta. Shekara tara yana zuwa, bai taɓa fashi ba. Rawar hannun dama ce ta raba shi da zarto, tun ranar da ya ga layin da ya ja a katako ya zama tafiyar maciji. Zuwan jarrabawa ya zame masa abin alfahari. Yakan ce wa maƙwabta, “Yau ina da aji, zan je in koyar da likitoci.” In Goggo ta tare shi a bakin ƙofa da keke, kafin ya sauko daga tasi ya fara:

“Direba, har yau ba a ƙwace lasisin nan ba?”

“Angon jarrabawa, sauko. In ka cika surutu in zubar da kai a kwata.”

Sai ya damƙi kafaɗarta da hannun hagu, lafiyayyen hannunsa, damƙa irin ta wanda ya shekara arba'in yana riƙe da guduma, har sai ta ce, “Kai Baba, ba katako ba ne!”

Ranar nan tasi ta tsaya, ƙofa ta buɗe, ba wanda ya ce mata direba. Tsohon na zaune kansa a sunkuye. Matarsa ce ta zagayo tana gyara mayafi. Goggo ta sunkuya ta ba shi kafaɗa yadda ta saba. Hannun hagun ya taso, ya sauka a kafaɗarta, ya zame ya faɗi a cinyarsa. Ta ɗaga shi. Maimakon ya taso a sandare, sai ya zubo mata ta hagu. Ta zaunar da shi, ta ɗora ƙafafunsa a mataki. Ba su yi taku goma ba ƙafar hagu ta sulluɓe, takalmin ya fita.

Ta taka birki ta juyo wajen matar.

“Yaya, me ya sami angon namu?”

“Haka yake kwana biyun nan. Barci, barci, kamar wanda aka yi wa asiri. In ya farka ya ce kansa na sarawa.”

“Kwana biyu ko mako biyu?”

“To, ya kai mako biyu.”

“Ya faɗi?”

Matar ta gyaɗa kai. “An fi wata guda. A banɗaki ne, santsi ya kwashe shi, ya bugi bakin famfo. Ai tashi ya yi yana dariya, ya ce famfon ne ya ji jiki.”

Goggo ta ɗaga farar hular. Sama da kunnen dama akwai tabo, ya warke, ɗan tsawon gaɓar yatsa.

“Kin gaya wa likita?”

“Da yaron nan ya bugo waya na fara faɗa masa, ya ce, Mama kawo shi kawai, ai likitoci talatin ne za su duba shi yau. Na ce to alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama.”

Likitoci talatin. Goggo ta mayar da hular, ta ɗauki takalmin ta sa a aljihun rigar aikinta, ta tura keken da ƙarfin da bai kamata ba.

Yaron da ya bugo wayar shi ne ƙaramin likitan da aka ɗora wa tsara jarrabawar. Ta same shi a baranda, agogo a hannu ɗaya, jerin sunaye a ɗayan, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

“Likita, tsohon gado na huɗu ba daidai yake ba. Hagunsa ta saki. Ya faɗi a gida, ya bugu a kai.”

“Goggo, ciwon nasa ne ke ci gaba. Haka yake yi.”

“Ciwonsa a dama yake. Shekara tara ina ɗaga shi.”

“To, na ji. Bayan jarrabawa.”

“Bayan jarrabawa tasi za ta mayar da shi gida.”

“Goggo, don girman Allah! Kin ga ƙarfe nawa? Farfesa ya riga ya zauna. In gado na huɗu ya zama wayam ni za a yanka. Shigar da shi.”

Ta shigar da shi. Wannan ta daɗe tana cin kanta a kai. Ta ce a ranta, ai Farfesa ne da kansa zai zauna a gado na huɗu, mutumin da ya gano ciwon tsohon tun farko, mutumin da ake zuwa gani daga nesa. Ido ɗaya zai yi masa ya gane.

Farfesa bai yi masa ido ko ɗaya ba. Ya ce, “Baba, an zo lafiya?” yana neman murfin alƙalami. Ya ja kujera ya zauna ta wajen ƙafar gado, a karkace, yadda zai ga hannun ɗalibi da bakin ɗalibi. Ba tsohon aka zo jarrabawa ba, ɗalibi aka zo jarrabawa. Ƙaramin likita ya leƙo ya tuna wa tsohon doka: “Baba, ka dai sani, ba magana sai an tambaye ka.” Tsohon ya gyaɗa kai. Goggo ma dokar ta hau kanta. An bar ta a cikin labule ne kawai don ta tayar da shi, ta riƙe shi ya yi taku shida a gaban ɗalibi, ta mayar da shi.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Na farko ya shigo, dogo, takalminsa na ƙyalli. Tun kafin ya taɓa tsohon bakinsa ya fara zuba. Ya kama hannun dama, ya juya, ya juya. “Akwai tauri, ranka ya daɗe. Akwai rawar yatsu in hannu na hutawa. Fuska ba walwala.” Farfesa na ta sa alama. Aka ce a tayar da shi. Goggo ta shiga ta hagunsa, ta sa kafaɗa a hammatarsa, ta kama ɗamarar wandonsa ta baya, suka yi taku shida. “Taku ƙanana, ranka ya daɗe.” Magani fa? Ya jero sunayen ƙwayoyi kamar mai karanta talla. Ƙararrawa.

Ta biyu haka. Na uku haka. Na biyar ko safar tsohon bai cire ba. Na takwas ya buga masa 'yar gudumar roba a gwiwar dama yana kallon fuskar Farfesa, bai ma ga ko ƙafar ta motsa ba. Wata ta ce, “Sannu Baba, ya jiki?” ba ta jira amsa ba ta juya. Karatun aku, kowa da irin muryarsa. Fuska ba walwala! Ina walwala za ta fito ga mutumin da ido ke rufe masa tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa? Duk wanda ya shigo hannun dama yake nufa, don nan aka ce masa amsa take. Hannun hagu na kwance a kan zanin gado kamar ba na kowa ba.

Sau biyu Goggo ta buɗe baki. Na farko Farfesa ya ɗaga mata alƙalami ba tare da ya dube ta ba. Na biyu ya ce, “Goggo, jarrabawa ake.” Ta koma gefen gado ta tsaya.

Ta goma sha bakwai wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ga alama tsoro ne ya sa ta manta amsar da aka ba ta, sai ta koma yin abin da aka koya mata tun daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Baba, matse min yatsu.” Ya matse da dama. “Da wannan ma.” Yatsun hagu suka ɗan motsa, suka saki. Ta dube shi. Ta sake. Ta cire masa safa, ta ja bakin mabuɗi a tafin ƙafar dama, yatsun suka lanƙwashe ƙasa. Ta ja a ta hagu, babban yatsan ya miƙe sama.

Goggo ta ƙura wa ƙafar ido. Ta sha ganin yatsan nan ya miƙe haka a ƙafar mijinta.

“Ranka ya daɗe,” in ji yarinyar, murya can ƙasa, “akwai karkarwa a dama. Amma hagunsa ba ƙarfi. Kuma yatsan ƙafa ya tashi. Wannan ba na karkarwa ba ne. Ina jin akwai wani abu a ƙwaƙwalwa, ta ɓangaren dama.”

Farfesa na rubutu lokacin da yatsan ya tashi. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

“Me aka ce ki duba?”

“Hannuwa da tafiya, ranka ya daɗe.”

“Kin duba tafiyar?”

“Ban kai ba tukuna.”

“Saura minti ɗaya, kina can kina yi wa tsoho cakulkuli a ƙafa. Mutumin nan shekara tara ina ganinsa. Kada ki ƙirƙiro masa ciwon da ba shi da shi don ki burge ni. Likita mai ganin abin da babu ya fi jahili haɗari.”

Ƙararrawa ta kaɗa. Yarinyar ta tattara gudumarta da mabuɗinta, ta fita tana share ido da bayan hannu.

A nan ne Goggo ta gane wani abu da ya sa ta ji kamar ta mari kanta. Sau goma sha shida an tayar da tsohon a gaban Farfesa, sau goma sha shida ya yi tafiya bai karkace ba. Me ya hana shi karkacewa? Ita. Kafaɗarta ce ke maye masa gurbin hagun, gwiwarta ce ke tura masa ƙafar gaba a kowane taku, yadda ta saba yi wa duk mai shanyewa ba tare da ta yi tunani ba. Gwanintar shekara ashirin da huɗu ce ke rufe ciwon. Su ba su duba ba, ita kuma ta ɓoye musu abin da za su gani ko ba su duba ba.

Na goma sha takwas ya shigo, ya kama hannun dama, ya rera waƙarsa. Aka ce a tayar da Baba. Goggo ta tayar da shi, ta tsayar da shi sosai a tsakiyar fili, daidai gaban kujerar Farfesa. Sannan ta zare kafaɗarta ta ja baya taku ɗaya.

Tsohon ya ɗaga ƙafar dama. Ta hagu ta ƙi biyowa, ta ja ƙasa, gwiwar ta lanƙwashe. Ya tafi gaba ɗaya ta hagu kamar bangon da ruwa ya ci gindinsa. Ɗalibin ya yi ihu ya yi tsalle baya. Kafin kan tsohon ya kai ƙarfen gado Goggo ta riga ta tare shi a cinyarta, hannunta a ƙeyarsa. Bayanta ya amsa, ta ji shi har cikin haƙori.

Farfesa ya miƙe, takardu suka zube.

“Kina hauka ne? Za ki kashe min majinyaci?”

“Ni ce zan kashe shi?” Goggo ba ta rage murya ba, har gado na takwas an ji ta. “Tun safe nake ɗauke da rabin mutumin nan a kafaɗata kuna ba juna maki! Wannan tafiyar mai karkarwa ce? Kai ne malami, faɗa min!”

“Goggo, ki san inda kike.”

“Na san inda nake tun kana sa rigar aro. A ɗakin nan ka ga an soka allura a bayan mutum ka sulale, ni na tare ka kamar yadda na tare wannan, na ba ka ruwa, ban gaya wa kowa ba. Yau na faɗa. Shekara tara kana ganinsa, to yau ka gan shi? Ɗazu yarinya ta gaya maka gaskiya ka kore ta da kuka.” Ta fizge hular ta jefa a kan gado. “Ga inda ya bugu. Wata guda ke nan. Matarsa na waje, kun hana ta shigowa. Shi kun ce kada ya yi magana. Katinsa kun kulle. To wa zai gaya muku? Bango?”

Labule ya buɗe, ƙaramin likita ya faɗo ciki. “Goggo, fita! Fita, za ki ja mana...”

“Matsa min, ɗan nan, ko in bi ta kanka da keke.” Ta jawo keken da ƙafa, ta zaunar da tsohon, ta saki birki. “Ɗakin hoto zan kai shi. In sun ce sai da takarda, in zauna a ƙofarsu har a kawo.”

Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya motsa. Kawuna sun leƙo ta kowane labule.

Farfesa ya tsaya yana huci. Sannan idonsa ya sauka a kan hannun hagun tsohon, da ke lilo a gefen keke kusa da taya. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Tsaya.”

Ya durƙusa a gaban keken, da babbar rigarsa da komai. “Baba, miƙa hannuwanka biyu gaba. Tafin hannu ya dubi sama. Rufe ido.” Na dama ya tsaya yana rawarsa ta kullum. Na hagu ya kife, ya yi ƙasa a hankali har ya sauka a cinya. Farfesa ya zaro mabuɗin motarsa ya ja a tafin ƙafar, yatsan ya miƙe. Ya karɓi tocila a hannun ɗalibin ya haska ido ɗaya, ya haska ɗayan, ya koma na farkon.

“Baba, kanka na ciwo?”

“Kamar ana buga ƙusa,” in ji tsohon. Maganarsa ta farko ke nan tun safe.

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Ba a tambaye ni ba.”

Duk abin bai kai minti biyu ba. Farfesa ya juya takardar makin da ke hannun ƙaramin likita, ya yi rubutu a bayanta, ya yage ya miƙa. “Hoton ƙwaƙwalwa, yanzu. Ka kira likitan tiyata ya same mu can.” Bai dubi Goggo ba. Ita ma ba kallonsa take jira ba, ta riga ta kai bakin ƙofa tana kiran matar: “Yaya, taso! Riƙe masa hannun nan kada taya ta ci shi.”

Hoto ya nuna abin da ke nan. Bugun famfon ya tsinka 'yar jijiya a ƙarƙashin ƙoƙon kai, jini na ta tsiyaya kaɗan-kaɗan tsawon makonni, ya taru ta dama ya danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa hagu ta saki. Likitan tiyata ya ce abu ne da ake huda ƙashi a zuƙe, mutum ya tashi. Ya kuma ce da an mayar da shi gida ya kwana biyu, wataƙila barcin da zai yi ba na tashi ba ne.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An yi aikin, tsohon ya tashi, hagunsa ta dawo, karkarwarsa na nan inda take. An sa wani a gado na huɗu aka ƙarasa jarrabawa. Yarinyar mai tabarau ta ci, an ce Farfesa ya gyara makinta da hannunsa, amma bai kira ta ya ce mata komai ba. Mako na gaba ya tara ɗalibai ya nuna musu hoton a bango, ya yi awa guda yana jan kunnensu a kan duba majinyaci tun daga kai har ƙafa, kowa na rubutawa. Bai ambaci wanda ya tura keken ba. Goggo kuwa takardar tuhuma aka ba ta, mai laifi biyu: sakin majinyaci da gangan, da tayar da hankali a ɗakin jarrabawa. Ta ce a karanta mata. Aka karanta. Ta ce duka biyun ta yi, a rubuta. Aka mayar da ita ɗakin wanki, can bayan asibiti, inda ba mai jingina da ita sai zannuwan gado. Doka kuma tana nan yadda take: majinyaci ba ya magana sai an tambaye shi.

Ni mai ba ku labarin nan, gadon ɗakin tiyata nake turawa, kuma tun da aka mayar da ita can baya hanyarmu ba ta sake haɗuwa ba. Ganina na ƙarshe da ita a bakin aiki shi ne da la'asar ɗin ranar jarrabawar, da na zo ɗaukar tsohon. Ana jiran wanda zai aske masa kai, an aika sau biyu bai zo ba. Na tarar ta karɓi reza a wajen nas, ta sa matar ta riƙe kwanon ruwa, ta naɗe hannun riga.

Ta ce da ni, “Kai, kallo aka aiko ka? Riƙe masa kai.”

Na riƙe. Ta shafa sabulu, ta fara daga goshi ta yi baya, a hankali, tana tsame rezar a ruwa. Da ta zo wajen tabon ta rage hannu ta zagaye shi. Matar na kuka, kwanon na rawa, ruwa na zuba a ƙasa.

“Yaya, in za ki yi kuka ajiye kwanon, in za ki riƙe kwano bar kukan. Ɗaya za ki zaɓa.”

Matar ta zaɓi kwanon. Goggo ta gama, ta goge kan da tawul, ta lanƙwasa kunnen ta share kumfar da ta maƙale a bayansa. Sannan ta tattara furfurar da ta zuba a kan matashi, ta ƙunshe a takarda, ta danƙa wa matar a hannu.